Takalma a Baranda

Kawu Saje,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da Inna da yaran gida baki ɗaya. Yaya gwiwar? Umma ta ce ranar da kuka haɗu a asibiti wajen dubiya ta ga kana jan ƙafa, da ta yi magana ka ce wai takalmin aiki ne ya matse ka. Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma sa takalmin ya saki.

Na san za ka juya takardar nan ka ce wace ce kuma. Ni ce autar Umma, wadda kakarka da kakarta suke ciki ɗaya, wadda ka laƙaba wa Lauya tun ina 'yar firamare saboda na ƙi yarda ni na fasa maka kofin shayi. Har gobe ban yarda ba.

Lauyancin bai yiwu ba, amma gardamar ta samo min aiki. Ina wata ƙaramar ƙungiya a nan babban birni, ɗaki biyu ne a saman kantin magani, da fanka ɗaya da muke juyawa tsakaninmu. Aikinmu bin 'yan majalisa da manyan ma'aikatu, muna lallaɓa su su gyara dokokin aikin 'yan sanda. Rabin aikin zaman benci ne a ƙofar ofishin wani, rabi kuma murmushi ga sakatarensa.

Yanzu akwai ƙudurin doka a gaban kwamitin majalisa, abu biyu muke nema a cikinsa. Na farko, a kafa masu sa ido waɗanda ba 'yan sanda ba, su riƙa shiga ɗakunan tsare mutane ba tare da sanarwa ba. Na biyu, duk wanda aka tsare a kira danginsa a waya a faɗa musu inda yake. Mutanen ma'aikatar kuɗi sun yi mana ca, wai na farkon sai motoci da albashi, na biyun sai waya da katin kira a kowane ofishin 'yan sanda, kuma aljihun gwamnati ba rijiya ba ne.

Ba sirrin aiki nake nema a wurinka ba, Kawu. Abu ɗaya nake so in gane, don duk takardun da na karanta babu wadda ta faɗa min. Yau da babu wannan doka, idan an kama mutum a hanya, ta yaya mutanen gidansu suke sanin inda yake?

Umma ta ce ba ka maganar aiki a waya, shi ya sa na ba direban motar safe wannan. Idan ka rubuta ka ba shi, yana wucewa ta ƙofarmu.

'Yarka,
Lauya

*

Lauya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah. Muna lafiya. Innarki tana gaishe ki, ta ce da kin kira ta ma da ta ji daɗi, na ce mata ai sai dai ki kira filo, don wayarta kullum tana ƙarƙashinsa a kashe. Gwiwa kuwa gwiwa ce, ta bi ni shekaru a tsaye bayan kantar ofis, yanzu ta fara neman haƙƙinta. Maganar kofi kuma ke kika fasa shi, ina da shaidu.

Kin yi tambayar da ba a taɓa yi min ba, har a jarrabawar ƙarin girma. To ga amsa: da takalmi suke sani.

Kin san duk wanda za a sa a sel, ɗakin tsarewa, sai ya cire takalmi da bel da abin da ke aljihu. Abin aljihu mu ajiye a durowa, takalmi kuwa ba wanda ya ce ga inda za a sa shi. Wani tsohon saje da na samu a nan, Allah ya ji ƙansa, shi ya fara jera su a baranda, a bakin dakali, inda ake hangowa daga titi. Da ya tafi na ci gaba. Ba a rubuce yake ba, ba wanda ya ba da umarni, ba kuma wanda ya hana.

Tsallaken titinmu akwai wata bishiya. Da safe za ki ga mutane a gindinta, yawanci mata, kowacce ta yi kamar mota take jira, alhali idonta yana kan baranda. Ba sa son shigowa, kuma ban ga laifinsu ba, wani ya shigo tambaya ya kwana a ciki. Uwa kuwa ba ta ɓata takalmin ɗanta ko daga ina. Idan ta hango sai ta dafe ƙirji ta tsallako. Idan ba ta gani ba ta yi gaba, ta je asibiti ko wani ofishin. Ko ba komai ta rage waje ɗaya.

Akwai wata tela da ke da shago a layin bayanmu, kowa Tela yake ce mata. Tana riƙe da ƙanenta, babban mutum ne har da furfura a gemu, amma kansa ba daidai yake ba tun yana ƙarami. Ba ya duka, ba ya zagi. Yawo kawai yake da wata matacciyar rediyo a kunne, shi ya sa ake ce masa Mai Rediyo. Idan aka tambaye shi sunansa ko gidansu sai ya ba ki labaran duniya. Duk lokacin da 'yan sintiri suka yi shara, wato kamen kan mai uwa da wabi, a tasha ko ƙarƙashin gada, sai a haɗo da shi, musamman idan sababbin yara ne da ba su san shi ba. Da safe Tela ta leƙo, ta hangi takalminsa, wani sandal ne ruwan ƙasa da ta sha yi wa faci, ta zo da katinsa na asibiti, a sake shi kafin a rubuta komai. Har ta kan ce min, Saje, barandar nan taka ta fi min jarida.

Wannan ke nan. Ke na ba wa labari don ke 'yata ce, ba majalisa na ba wa ba. Ritayata ta kusa, so nake in cire kakin nan da hannuna.

Ki ci abinci, Ummanki ta ce kin rame.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, gwiwa kuma ta yi haƙuri. Ni ma lafiya, sai mura da fankar ofis ta sa min.

Kawu, albishirinka. Mun tsallake!

Bari in ba ka daga farko. Mun daɗe muna bin shugaban kwamitin, wani dattijo mai son ya ji muryarsa. A ƙarshe ya ba mu lokaci, ni da shugabar ƙungiyarmu, a ofishinsa mai sanyi kamar cikin firij. Shugabata ta zuba masa alƙaluma da misalan wasu ƙasashe, shi kuma yana ta danna waya, har hamma ya yi bai rufe baki ba. Na ga lokacinmu zai ƙare a banza, sai kawai na ji bakina yana cewa, ranka ya daɗe, ka san yadda uwaye suke gane an kama 'ya'yansu? Na ba shi labarin takalma da bishiya da matan da suke yin kamar mota suke jira.

Wallahi ya ajiye wayar. Ya ce in sake faɗa. Ya kira mataimakinsa ya ce ya rubuta. A zaman jin ra'ayin jama'a shi da kansa ya ba da labarin, har ya ƙara masa gishiri, ya juya ga manyan 'yan sandan da ke zaune a gaba ya ce, a zamanin nan takalmi ne wayarku? Zauren ya yi tsit. Jiya suka amince da sashen kiran dangi, ba wanda ya ɗaga hannu ya ce a'a.

Na tuna abin da ka ce. Ban ambaci sunanka ba, ban faɗi gari ba, ban ma ce ina da kawu a aikin ba. Cewa na yi a wani ofis ake yi. Ofisoshi kuwa ai ba su ƙirguwa.

Ka gaishe min da Tela ko da ba ta san ni ba. Insha Allahu ta kusa daina tsayuwa a gindin bishiya.

'Yarka,
Lauya

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Damina ta shigo har ta yi nisa ban ji daga gare ka ba. Direba ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, kuma duk sanda ya tsaya ya tambaya sai a ce ba ka kan kanta. Na kira wayarka ba ka ɗauka ba. Na kira ta Inna, ka san sauran.

Umma ta ce lafiyarka ƙalau, an gan ka a masallaci. To idan lafiya kake, fushi ke nan. Idan don na ba da labarin ne, ka faɗa min da bakinka, ka yi min faɗa, na fi son haka da shirun nan. Zuciyata ba ta kwanta ba.

Lauya

*

Lauya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, jiki da sauƙi. Takardunki biyu duk suna aljihuna. Ba fushi ne ya hana ni rubutu ba. Da farko kunya ce, daga baya kuma ban san ta inda zan fara ba. Amma fushin ma akwai shi, ba zan ɓoye miki ba.

Da na karanta kin ce kun tsallake, an amince, ba wanda ya ce a'a, ni na ɗauka doka ta zama doka. Ni ɗan sanda ne, a wurinmu idan manya sun amince magana ta ƙare, gobe a fara. Ban tsaya ko cire hula ba na zagaya shagon Tela na ce mata ta kwantar da hankalinta, daga yanzu duk ranar da aka kama Mai Rediyo kiranta za a yi. Har ta tsayar da keken ɗinki ta ɗaga hannu tana sa miki albarka.

Ba a jima ba sai ga takarda daga hedikwata zuwa kowane ofis. Kayan wanda aka tsare, har da takalmi, a kulle a sito, kada a ƙara ganin komai a waje. Manya sun ji kunya a gaban majalisa, kuma abin da ya ba su kunyar shi suka ɗauke. Ba ki faɗi suna ba, gaskiya ne. Amma ofis nawa ne yake da baranda mai kallon titi da bishiya a tsallake da tsohon saje mai jera takalma? Babbanmu bai ko tambaye ni ba. Ya ce gwiwata tana bukatar hutu, ya mayar da ni gadin filin da ake ajiye motocin da aka kama, can bayan gari. Ni da matattun motoci da ƙadangaru.

Wannan bai dame ni ba sosai, kujera ma na samu. Ga abin da ya dame ni.

'Yan sintiri sun yi shara a tasha, suka haɗo da Mai Rediyo. Yaron da ke kan kanta sabo ne. Ya tambaye shi suna, ya ba shi labarin farashin man fetur. Aka rubuta shi cikin masu zaman banza, aka kulle takalminsa a sito kamar yadda takarda ta ce. Da safe Tela ta leƙa baranda ta ga wayam. Ta duba wayarta ba kira. Sai ta ce to ba ya nan ke nan, tunda Saje ya ce za a kira. Ƙanenta yana bayan bango ɗaya da ita, ta juya ta tafi asibiti. Ta bi tashoshi, ta bi bakin rafi, har ɗakin ajiye gawa ta shiga, ta buɗe fuskokin da ba nata ba. Shi kuwa an kwashe su zuwa kotu, ba mai tsaya masa, aka wuce da shi gidan yari jiran shari'a.

Sai da ta gaji ta nemo ni a filin motoci. Na ari babur na je ofis na roƙi mai riƙe da makullin sito. Takalmin yana can cikin buhu. Da na ɗauko shi na juya maɗaurin, sai na ga rubutu. Lauya, ashe ranar da na kai mata albishir, matar nan ta zauna ta ɗinka lambar wayarta da jan zare a cikin maɗaurin, ƙafa biyun duka, don ta san shi ba zai iya faɗa ba. Ta ce kada a zo kira a rasa lamba. Ɗinki mai kyau, kowace lamba a tsaye. Ba wanda ya duba, don ba wanda aka ce ya duba.

Mun fito da Mai Rediyo, da katin asibiti da taimakon wani magatakardan kotu mai tsoron Allah. Ya rame, an aske masa kai, rediyon ta ɓata a can. Ya daina ba da labarai, zama kawai yake a bakin shago da hannu a kunne. Tela ko zargina ba ta yi ba. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Ba na cewa ke kaɗai ce. Ke kika kai labarin da na ce ki riƙe, ni kuma na kai albishir ɗin da ban tabbatar ba. Amma ki sani, a yau mutanen gindin bishiya ba su da takalmi ba su da waya. Kafin mu sa baki suna da ɗaya.

Yanzu ki faɗa min da Hausar da zan gane: akwai dokar nan ko babu?

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Na gode Allah da kuke lafiya. Ni ban san me zan ce game da tawa lafiyar ba. A kan matakalar ofis na karanta takardarka, na kasa ƙarasa hawa, mai kantin magani har ya fito ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Babu dokar, Kawu. Kwamiti ne kawai ya amince. Daga nan sai zauren majalisa gaba ɗaya, sai a daidaita da ma'aikatar kuɗi, sai a sa hannu, sai kuma a sa ranar farawa. Mu a nan idan mun ce mun tsallake, ƙofa ɗaya muke nufi, don mun saba da ƙofofin har mun manta wani bai san da su ba. Murna ta sa na rubuta maka kamar ina rubuta wa ta kusa da teburina. Ka ce in riƙe labari na sake shi, kuma har na ji daɗin kaina da zauren ya yi tsit. Ka yafe min. Tela kuwa ban san da wane ido zan nemi tata yafiyar ba.

Ga inda muke. Ma'aikatar kuɗi ta ce ba za ta ɗauki abu biyu a kasafin bana ba, ko masu sa ido ko kiran dangi. Shugabata ta fi shekara goma tana bin maganar masu sa ido, kuma tana da gaskiya, su ne za su ga abin da ake yi a bayan ƙofa, har da irin abin da waya ba za ta hana ba. Jiya na ba ta takardarka ta karanta, wannan karon na rufe inda zai tona ku da hannuna. Da ta gama ta ce, mu muka ɗauke musu takalman, ba mu da ikon barinsu hannu wofi. Za mu karɓi waya, masu sa ido su jira. Da ta faɗa ta shiga ɗayan ɗakin ta rufe ƙofa.

Amma na koma na karanta sashen, ni ce ma na taimaka aka rubuta shi, sai na ga giɓin da ke ciki. Cewa ya yi a kira lambar da wanda aka tsare ya bayar. Mai Rediyo ba zai bayar ba. Kurma ba zai bayar ba, haka wanda ya suma, haka tsohon da ya rikice. Ko da dokar tana aiki a ranar nan, da haka Tela za ta tafi ɗakin gawa.

Ina so in nemi a ƙara layi ɗaya: ko kuma wata lamba da aka samu a jikinsa ko a kayansa, kuma wajibi ne mai karɓar kayan ya duba. Don in samu wannan sai na ba da labarin jan zaren. Ba zan buɗe baki ba sai kai da Tela kun ce to. Idan kun ce a'a, a'a ce.

'Yarka,
Lauya

*

Lauya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau. An yi ruwa ya cika filin motoci, yanzu har da kwaɗi nake gadi.

Na je wurin Tela na karanta mata. Tana ɗinki ba ta ɗago ba har na gama. Sai ta ce, wannan karon dokar ce ko ƙofa? Na ce ƙofa ce. Ta ce to madalla da aka faɗa mata. Ta ce ki ba da labarin, amma kada wani mai babbar riga ya ƙara masa gishiri, ƙanenta ba abin ba da nishaɗi ba ne. Ta kuma ce kada wanda ya sake kawo mata albishir, idan abu ya tabbata za ta ji a wayarta.

Ni ma na yarda. Me ya rage su yi min, su mayar da ni gadin kwaɗin wani filin?

Na yafe miki tun kafin ki nema. Ki daina zama a matakala, mutane za su ce an kore ki.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Ka yi haƙuri da daɗewar da na yi, na rantse ne ba zan sake rubuta maka rabin magana ba.

Wannan karon ban kai labarin zaure ba. Na gano cewa ba shugaban kwamiti ne yake rubuta komai ba, wata magatakarda ce a ɗakin ƙarshe kusa da banɗaki, mai gilashi a kan hanci da tulin fayil har kan kujerar baƙi. Na yi ta zarya har ta gaji ta kwashe fayil ta ce in zauna. Na faɗa mata yadda aka yi, ba ƙari ba ragi. Ta cire gilashin ta goge, ta ce mahaifinta ma ya fara fita ya manta hanya. Ita ta gyara min layin ya zama irin maganarsu, ta kuma nuna min wanda zan gani a ma'aikatar kuɗi.

Shi kuma tambaya ɗaya ya yi min, nawa layin zai ci. Na ce ko sisi, juya takalmi ne kawai. Ya dube ni kamar na zo da damfara, ya karanta sau biyu yana neman inda kuɗin ya ɓuya, bai samu ba, ya sa hannu. A zaman kwamiti wakilin 'yan sanda ya so ya ja, wai ana ƙara wa yaransu aiki. Wata 'yar majalisa ta ce masa ai dama suna laluben aljihu, su ƙara da duba maɗauri.

Zauren ya amince. An daidaita da kasafi. An sa hannu. An buga a jaridar gwamnati, na riƙe ta da hannuna, na karanta layin har sau ba adadi. Za ta fara aiki farkon sabuwar shekara. Ba sauran ƙofa, Kawu, sai ta ofisoshinku.

Masu sa ido sun faɗi. Shugabata ta ce za mu koma badi, ta riga ta buɗe sabon fayil. Ban yi murna irin ta wancan karon ba, kuma ina ganin haka ya fi. Kada ka faɗa wa Tela komai.

'Yarka,
Lauya

*

Lauya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Innarki tana gaishe ki. Na cire kaki da hannuna kamar yadda na roƙi Allah, an ba ni takardar yabo da agogon bango wanda ba ya tafiya. Gwiwa ta ji labarin ritaya ta ƙara lalacewa, yanzu da sanda nake fita.

Na riƙe bakina kamar yadda kika ce. Ba zan yi miki ƙarya ba, dokarku tafiyar gwiwata take yi. An kawo wayoyin, wani ofis ba kati, wani ofis babban ya kai ta gida. Mutanen gindin bishiya sun ragu amma ba su ƙare ba. Ki faɗa wa shugabarki kada ta rufe fayil ɗin nan, ana bukatar masu leƙawa.

Amma ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mai Rediyo ya warware, wani makanike ya ba shi wata matacciyar rediyon, ya koma yawo da labarai. Makon jiya ya bi wata motar kaya har unguwar da ba a san shi ba, aka yi shara aka haɗa da shi. Ofishin ba namu ba ne, ba wanda ya san ni a can, ba wanda ya san Tela. Tana cikin yanka yadi wayarta ta yi ƙara. Wata yarinya ce 'yar sanda, ta ce, don Allah ke ce mai jan zare? Akwai wani bawan Allah a wurinmu yana ba mu labarin yanayi, ki zo da katinsa.

Kafin la'asar yana bakin shago. Tela ta zo gidana da kanta, ta tsaya a ƙofa ta ɗaga min wayar, ta ce, Saje, na ji. Daga nan ta zauna a dakali ta yi kukan da ba ta yi ba wancan karon, Innarki tana riƙe da ita.

Yanzu shagonta ya zama wani abu. Mata suna kawo takalman tsofaffinsu da hulunan 'ya'yansu marasa magana, tana ɗinka musu lamba, ba ta karɓar komai. Shekaranjiya na je gaishe ta, ta dubi sandata ta dubi ƙafata, ta ce in cire. Na ce ni? Ni da na yi shekaru ina cire wa mutane? Ta ce yanzu ai ba kaki a jikinka, tsoho ne kai mai yawo da sanda, ranar da aka yi shara ba wanda zai tambaye ka tarihi. Na zauna a benci ba takalmi, ita tana zura zare a allura. Ta ce lambar wa za ta sa. Na tuna Innarki da filonta.

Na ba ta taki. Idan an kira ki, ki ɗauka.

Kawunki